Yadda Sallau Ya Haɗo wa Yayarsa Kwamfuta

Ku matso in ba ku labarin Sallau na Rafin Kanya. Ba a bakin wani na ji ba, shagon ɗinkina bango ɗaya ne da na yayarsa. Sallau ya haura talatin, ga ƙirji ga ƙarfi, amma maganar da ka faɗa masa haka zai ɗauke ta cak, ba ragi ba ƙari. Bai san ƙarya ba, bai san habaici ba. Kansa kuma ba ya zubar da magana, abin da ka gaya masa bara zai maimaita maka yau har da tarin da ka yi a tsakiya. Su biyu ne a gidan, shi da yayarsa Turai. Iyayensu sun rasu, mijinta ma ya rasu, ita ke riƙe da shi da ɗan shagonta inda take buga katin biki, tana gyaran hotuna, tana yi wa yara rajistar jarrabawa.

To, a daminar da nake ba ku labari, abu biyu suka haɗe wa Turai. Tsohuwar kwamfutarta ta mutu murus, ita kuma ta faɗo daga babur ta karye a cinya, mai ɗori ya ce ko ƙofar gida kada ta leƙa. Sai ga kawunsu Jatau ya zo dubiya. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma in ya yanke magana ya yanke. Ya ce, "Ke Turai, ba ƙafa, ba sana'a, ga ƙato kina ciyarwa wanda ko aike ba ya iyawa. Da an fara girbi zan tafi da shi gonata ta bayan dutse." Gonar nan kuwa tafiyar yini ce, wanda ya je sai da Sallah ake ganinsa. Turai ta ce, "Kawu, yana iya aike. Shi zai haɗo mini sabuwar kwamfuta in buɗe shago. In ya yi, ka bar mini ƙanena." Kawu ya ce ya ji. Ni da nake tsaye bakin ƙofa sai da na girgiza kai, don na san Sallau.

Akwai wani malamin sakandare a garin gaba da ke shigowa ranar kasuwa, Lurwanu, muna ce masa Injiniya. Shi ya ba Turai shawara kada ta sayi haɗaɗɗiya, ta riƙa sayen kayan cikin ɗaya bayan ɗaya, masu ƙwari, shi ya haɗa mata. Shi zai faɗi sunan abu, Sallau ya haddace, ya shiga motar birni.

Wata rana aka fara da furosesa, ɗan abu kamar kwalin ashana, amma shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sallau ya haddace sunan tsaf. Yana saka takalmi Turai ta ɗaga murya daga ɗaki, "Ka zaɓo wanda ba ya zafi, ka ji? Zafi ne ya kashe waccan." Da ya isa kasuwar kwamfuta, duk shagon da aka miƙo masa kwali sai ya ɗora bayan hannu a kai, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta, ya girgiza kai ya ce, "Wannan da ɗumi." Masu shago suka yi ta kallonsa. Sai a wani shago mai na'urar sanyi ya samu wanda ya kwanta masa a rai. Da ya fito kuma ga rana ta take. Ya cire hula ya rufa wa kwalin, ya tuɓe riga ya yi masa rumfa, yana tafe yana yi masa fifita har tasha, har gida. Kwali ya iso da sanyinsa. Sallau kuwa ya kwanta da zazzaɓi, kansa kamar an ciro shi daga murhu. Turai ta sa aka ja tabarmarta kusa da tasa tana goga masa jiƙaƙƙen tsumma, tana dariya tana share ido. Shi ko abin da yake tambaya kawai, "Yaya, taɓa shi ki ji, bai yi zafi ba ko?"

Wata rana, bayan ya warware, aka zo kan madabod, faffaɗan allon nan da kowane abu ke hawa kansa. Injiniya ya ce iri ɗaya ne tak zai zauna da furosesan da aka sayo. Turai, da yake 'yar kasuwa ce, ta ce, "Kada ka saya a shagon farko. Ka zaga ka tambaya tukuna." Kai, wannan magana ta ja mana! Shagon farko da ya shiga, ga allon nan a rataye, sabo fil. Sallau ya gaishe su ya wuce. Ya zaga kasuwa kaf, layi-layi, ba mai shi sai wancan. Mai shagon har biyo shi ya yi yana rage masa, Sallau ya ce, "Ka yi haƙuri, kai ne na farko." Ya dawo gida hannu biyu. Ni na hasala, na ce, "Kai Sallau, wace irin wauta ce wannan?" Ya dube ni da idon nan nasa ya ce, "Tela, Yaya ce ta ce." Turai ko tsawa ba ta yi ba. Sai ta ce masa, "Gobe in ka je, ka fara shiga shagon mai lemo ka gaishe shi." Washegari ya shiga shagon mai lemo, ya yi gaisuwa har da tambayar iyali, ya fito ya shiga shagon jiya, na biyu ke nan, ya sayo allo.

Wata rana aka aike shi sayen ram, wasu 'yan siraran sanduna guda biyu da ke sa kwamfuta sauri. Da yake akwai na jabu, Injiniya ya ja masa kunne. "Ka sa a gwada a gabanka. Daga nan kada ka ɗauke ido daga kansu, don kada a musanya maka." Aka gwada, aka sa masa a leda mai haske. Sallau ya ɗaga leda daidai hancinsa ya kama hanya. Ya yi karo da mai rake, ya taka kayan mai tumatir, ya ba kowa haƙuri ba tare da ya dubi kowa ba. A mota bai ga lokacin da aka wuce Rafin Kanya ba, sai da kwandasta ya ce an zo ƙarshen hanya. Da ƙafa ya dawo, yana laluben hanya da yatsun ƙafa. La'asar sakaliya na hango shi daga kan keken ɗinki, ido jawur, hawaye na zuba, leda a gaba. Ya shiga ɗaki ya durƙusa ya ce, "Yaya, karɓi ki riƙe da idonki, ina so in ƙifta." Wallahi ni da na shigo don in yi dariya, sai na juya na koma shagona.

Wata rana saura akwatin da za a zuba komai a ciki, kuma ranar ce Kawu Jatau ya zaɓa ya zo ganin inda aka kwana. Injiniya ya ce, "Akwati mai shan iska nake so, iska ta shiga ta ko'ina." A kasuwa aka yi ta fito wa Sallau da akwatuna masu 'yan huji. Kowanne sai ya kafa baki ya hura, ya sa tafi ta ɗaya gefen, ya ce, "Ta nan ba ta fita." Da ya gaji ya gangara layin masu kaji. Muna zaune da Kawu a tsakar gida sai ga shi da keji na waya a ka, sabo, yana murmushi har kunne. Ya ajiye ya hura ya ce, "Kawu, sa hannu ka ji. Ta ko'ina." Kawu bai sa hannu ba. Ya dubi Turai ya ce, "Gero ya kusa nuna." Ya tashi ya kaɗe riga. Sallau ya ga fuskar yayarsa ta sauya, murmushin ya gudu, ya ce, "Yaya, na yi laifi ne?" Ta ce, "Ba ka yi ba, ɗan'uwa. Dama 'yan tsakina ba su da wurin kwana." Aka zuba 'yan tsaki a keji. Akwatin kuwa, sai da Injiniya ya nuna masa hotonsa a waya sannan ya sayo.

Wata rana kaya suka cika. Injiniya ya zo ranar kasuwa ya baje su a teburin shago, ya ɗaura wannan ya soka wancan, Sallau na riƙe masa ƙananan kusoshi a tafi kamar mai riƙe da ƙwai. Aka gama, sai ga shi ba wuta a gari. Injiniya ya goge hannu, ya miƙa wa Sallau igiyar da ake jonawa a bango ya ce, "Riƙe. Kada kowa ya jona ta sai na zo." Ya hau babur ya tafi. Washegari aka tura shi tsaron jarrabawa a wani gari mai nisa, ya ma manta ya yi maganar.

Aka fara yankan gero, Kawu ya iso da baburinsa da igiyar ɗaure kaya. Kamar da gayya, yana sauka aka kawo wuta. Muka ɗauko Turai a kujera muka kawo ta shago, maƙwabta suka taru. Kawu ya ce, "To, a kunna in gani." Sallau ya damƙe igiyar kwamfuta ya ce, "Sai Injiniya ya zo." Turai ta ce, "Sallau, ni ce fa. Ba ni." Ya ce, "Yaya, kowa ya ce. Ke ma kowa ce." Na kira Lurwanu a waya na buɗe murya kowa na ji. Ya ce, "Haba Sallau, na yarda, a jona!" Sallau ya matso da bakinsa kusa da waya ya ce, "Injiniya, ka zo?" Ya ce, "Ban zo ba, amma ai ga ni ina magana." Sallau ya ce, "Cewa ka yi sai ka zo." Tirƙashi! Ni har na fara nannaɗe hannun riga in ƙwace, na tuna ƙarfinsa na fasa.

Kawu ya ce magana ta ƙare. Ya jona wayarsa a soket ɗin da aka tanadar wa kwamfuta don ta ɗan sha caji kafin tafiya, ya ce, "Je ka haɗo kayanka." Sallau ya je ya haɗo, 'yan riguna a buhu, igiya tana nan a hannunsa. Ya durƙusa gaban Turai ya ce, "Yaya, in Injiniya ya zo ki aiko, in kawo." Turai ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci guda kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum irin yadda na ji na Sallau ba. Ya hau bayan babur ya zauna.

Kawu na shirin shiga shago ya zare wayarsa, sai ƙwan fitilar shagon ya yi wani irin fari, ya yi ƙara, ya fashe. Na cikin shagona ma tas! Dutsen gugana ya kama hayaƙi. Daga ƙarshen layi muka ji ihu, taransifomar gari ce ta yi tartsatsi ta turo wuta mai ƙarfi. Talabijin, firji, fanka, duk abin da ke jone a Rafin Kanya ranar ya tafi. Wayar Kawu ta narke a jikin soket, warin roba ya cika shagon. Kwamfutar Turai kuwa tana kan tebur lafiya lau, ko ƙwarzane babu, don igiyarta tana bayan babur a hannun Sallau.

Kawu ya daɗe yana kallon soket ɗin nan. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya fita ya ce, "Sauko." Sallau ya sauko. Kawu ya kwance buhun da kansa ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce mu kira masa malamin nan, ba zai koma gona ba sai ya ga abin da idonsa.

Da Injiniya ya samu ya iso, Sallau sai da ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Ka zo?" Ya ce, "Na zo." Sannan Sallau ya buɗe hannu ya saki igiyar. Aka aro janareta aka jona, fankokin cikinta suka juya, fuskar kwamfuta ta kawo haske, mata suka rangaɗa guɗa. Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Turai, ki riƙe abinki. Ni a gonata ba ni da abin da ya kai a tsare shi haka." Ya hau babur shi kaɗai.

Turai ta jawo benci kusa da kujerarta ta ce, "Sallau, zauna nan kusa da ni. Ba inda za ka." Ya zauna. Mutane suka watse, yana zaune. Aka kira magariba, na leƙo in ja shi masallaci, ya ce Yaya ta ce ba inda za shi. Sai da ta ce, "Tashi ka je ka yi salla ka dawo." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Yaya, nan ɗin zan dawo?"

Ta ce, "Nan ɗin."