Rigar Ɗan Wasan Da Ba Mu Saya Ba

Shekara da shekaru shugabannin kulob ɗinmu na Turai suna kwaso mana guragu da tsada, ni kuwa ina zaginsu daga Gusau. Sai ranar wata Juma'a na gani a waya cewa mun kammala cinikin wani ɗan gaba mai zafin ƙafa. Ban tsaya bincike ba. Mutum irina, wanda ya fi kocinmu sanin ƙwallo, ba ya bincike.

Na garzaya shagon Oga Sunday mai buga suna a riga. Ya ce, "Alhaji, yaron ya sa hannu kuwa?"

Na ce, "Kai dai buga. Da manyan baƙaƙe."

Washegari na sa rigar a kan kaftani, na hau mota zuwa Bungudu, inda abokaina magoya bayan abokan hamayyarmu suke majalisa. Da gangan na shiga da baya, don su fara karanta sunan.

Duk suka karanta. Sannan Malam Sani, babban mai tsokanata, ya miƙe ya rungume ni, har da ƙwalla. Ya nuna mini wayarsa. Ga ɗan wasan nan yana murmushi, riƙe da rigarsu. Tun da safe ya sa musu hannu, namu shugabannin suna can suna neman ragi.

Yaron ya ci mu ƙwallo biyu a waccan kakar. Har yau, da an buɗe kasuwar 'yan wasa, sai Malam Sani ya kira ni cikin ladabi: "Alhaji, wa kunka sawo muna bana?"