Kwalin Dangin Mista Rabo

Duk wanda ya ce Sabon Gida ba ta taɓa yin mai ilimi ba, to bai ga Mista Rabo yana fitowa daga zaure ranar kasuwa ba. Baƙar kwat, jan laktaye, tabarau, da biro uku jere a aljihun ƙirji. A ƙasar da 'yan lakwal, wato 'yan boko, da ma'aikata ke tutiya da Faransanci, mu Allah ya ba mu mai Ingilishi, kuma ba a littafi ya tsince shi ba, daga bakin masu abin ya ɗebo shi da ɗuminsa. Shekara goma sha huɗu ya yi a Ikko yana aiki gidan wani Bature. 'Yan baƙin ciki suna cewa ƙofa kawai yake buɗewa yana rufewa. To, ai ko wannan ba ƙaramin muƙami ba ne, tunda Baturen kansa ba ya shiga gidansa sai Rabo ya tashi.

Ya dawo ne a shekarar da Nijeriya ta sallami baƙi marasa takarda. Gaskiya ne cikin motocin da suka juye jama'a a tashar Madawa ya sauko, amma wannan dace ne kawai. Shi ritaya ya yi.

Waɗanda suka dawo tare da shi, wani ya kawo rediyo, wani katifa. Rabo ya fi ƙarfin wannan. Shi kwali ya kawo, wani faffaɗan kwali na 'ya'yan Baturen da aka jefar bayan sun girma, an zana itace a jiki, kowane reshe da sunan dangi cikin Ingilishi. Ya kafe shi da ƙusa huɗu a bangon zaure, ya aika aka tara gida kaf, ya ɗauki karan dawa ya tsaya kamar mushen lakwal, wato malamin makaranta.

"Ku buɗe kunne ku ji ilimi," in ji shi. "Abin da ya hana ƙasar ga ci gaba ba hwari ba ne, ba hwara ba ce. Rashin tsari na! Kowa baba, kowa inna, kowa ɗan'uwa. Bature ba shi wannan shirme. Bature shina da famili: shi, da matarshi, da ɗiyanshi, ƙwal. Sauran duka rilatib sunansu. Yau kowa zai san reshenshi."

Haka kuwa aka yi. Wan mahaifinsa da ƙanen mahaifiyarsa, tsofaffi biyu da kowannensu ya san matsayinsa tun kafin a haifi Rabo, aka haɗa su a reshe guda aka ce musu ankul. Gwaggo da inna suka tashi anti. 'Ya'yan 'yan'uwa aka raba su gida biyu, maza nefiyu, mata nis, suna ta kallon juna ko wani abu ya sauya a jikinsu.

Sai kara ya sauka a kan Dela. Dela 'yar gwaggonsa ce, wato taubashiyarsa, wadda al'ada ta ba ta izinin tsokanarsa ko a gaban wa. Tun suna yara take cinye masa gyaɗa tana kiransa bawanta. Mista ya sanar da ita cewa daga yau ita kazin ce, kuma Bature ba ya wasa da kazin. Dela ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "To, Maigadi, mun ji." Shi kuwa ya yi kamar ba da shi take ba, domin manya ba sa biye wa jahilai.

Na ƙarshe shi ne Arzika. Mahaifin Arzika da mahaifin Rabo uwa ɗaya uba ɗaya ne, su kuma Arzika da Rabo a tsakar gida ɗaya aka haife su, akushi ɗaya suka ci. Duk garin ba wanda ya taɓa kiransu da wani abu sai wa da ƙane, Arzika ne wan. Da Rabo ya tafi Ikko ya bar matarsa Yalwa da ɗansa na fari Iliyasu yana ɗan shekara takwas, Arzika ne ya riƙe su. A shekarar yunwa jakinsa ya sayar ya auno hatsi, kuma yaron bai taɓa kwana da ciki wofi ba. Shi ya koya masa riƙon hauya, shi yaron ke kira Baba.

"Kai ma kazin na," in ji Mista, yana buga kwali da kara. "Birada sai wanda kunka fito ciki guda. Kai kuma Iliyasu, ka bar ce mishi Baba. Dadi guda gare ka, ga shi tsaye."

Yalwa ta ja mayafi ta rufe fuska, don ba ta taɓa jin uba ya kama sunan ɗan fari gatsal a gaban mutane ba. Arzika ya ce, "Allah shi ƙara sani." Ya ɗauki takalmansa ya fita. Abin dariya ne, kowa ya yi dariya, amma wannan maganar ta yi ciwo, kuma duk wanda ya ga bayan Arzika ranar ya san ta yi.

Daga nan ci gaba ya shigo gidan da ƙarfinsa. Mista ya daina cin tuwo a akushin maza, ya sa aka yi masa tebur, yana ci shi kaɗai da cokali yana kiran abin cin famili, ko da yake famili ɗin sun ƙi zama. Ya ja darni ya raba tsakar gida biyu, ɓangaren famili da ɓangaren rilatib, har sai an zagaya ta bayan gari kafin a je aron wuta. Ranar da surukarsa ta zo daga Buza, maimakon ya durƙusa daga nesa ya sunkuyar da kai kamar kowane suruki, sai ya tako da fara'a ya miƙa mata hannu yana cewa, "Mada-in-lo!" Tsohuwa ta saki ƙwaryar daddawa ta faɗa ɗakin 'yarta, ba ta sake fitowa ba sai da za ta koma. Mutanen gari suka raɗa masa Alƙalin Dangi. Ya ji, ya kuma ji daɗi, don ya ɗauka yabo ne.

Ana nan, Iliyasu ya samu aikin jera duwatsu a gyaran ƙasar da ake yi a Keita. A can ya ga Zali, ta gan shi, suka daidaita. Danginta suka ce in da gaske yake ya turo iyayensa kafin kasuwa biyu, domin akwai wani ɗan Tawa da ke ta zarya.

To, kowa ya san uba ba ya nema wa ɗansa aure da bakinsa, balle ɗan fari. 'Yan'uwan uba ke zuwa, su ke nema, su ake ba. Mista ya aika wa Arzika cewa a shirya tafiya. Amsa ta dawo cikin ladabi: "Na so in tahi. Amma in sunka tambaye ni mi nike ga yaron, ƙaƙa zan ce? Ni kazin na." Ya aika wa tsofaffin nan biyu. Suka ce ƙafafun ankul ba sa kai Keita.

Wani da ya tsaya ya yi tunani. Mista Rabo ya goge takalmi. "Daɗinta kenan," in ji shi. "Bature da kanshi shika zuwa." Ya ɗaure laktaye, ya rungumi ƙunshin goro, ya shiga motar Keita shi kaɗai tilo.

Maiguwa, wan mahaifin Zali, shi ya tarbe shi a zaure tare da dattawa biyar. Mahaifin yarinyar, ba sai an faɗa ba, ya yi nisa da wurin. Aka kawo ruwa. Maiguwa yana ta leƙen ƙofa, yana jiran sauran baƙin su ƙaraso. Da jira ya yi yawa, Mista ya miƙe tsaye ya gyara kwat.

"Jama'a, ba sai kun jira kowa ba. Ni ne Dadin yaro, ni na haihe shi. Na zo da kaina don mu yi abu irin na waɗanda sunka waye. In kun yarda, ɗiyarku ta zama dota-in-lo gare ni, ku kuma ku shiga sahun rilatib. Ina da kwalin da ke nuna wurin kowa."

Dattawa suka dubi ƙasa, kunyar da bai ji ba su suka ji masa. Maiguwa ya tambaya a hankali, "Malam, ina 'yan'uwanka?"

"Ba ni da birada. Kazin gare ni."

Maiguwa bai san mene ne kazin ba, bai kuma tambaya ba. Ya tura ƙunshin goro gaban Mista, ko igiyar bai kwance ba. Ya ce, "Mu ba mu ba da ɗiya gidan da in magana ta ɓaci babu mai tsawata ma miji. Ka sha ruwa ka huta. In yaron shina da iyaye, su zo."

Hanyar Keita zuwa Madawa tana da duwatsu, amma ranar goron ya fi duwatsun nauyi. Da Iliyasu ya ga ƙunshin ya dawo a ɗaure, bai yi faɗa ba, ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Saura kasuwa ɗaya. Yalwa, wadda ta shekara biyu tana haƙuri da tebur da darni, ta ajiye wa mijinta tuwo ta ce, "Ka tai ka ce ma kwalin shi nemo mishi mata."

Washegari da hantsi aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Alƙalin Dangi ya fito, ya zagaya ta bayan gari, domin darnin da ya ja da hannunsa ya tare masa gajeriyar hanya, ya isa ƙofar Arzika. Arzika yana zaune yana tufkar igiya. Mista ya cire takalmi, ya durƙusa cikin kwat da laktaye, ya yi gyaran murya sau uku. An ce ɗan'uwa rabin jiki, amma da ƙyar kalmar ta fito.

"Yaya."

Arzika bai ɗaga kai ba. "Da wa kake?"

"Da kai nike, Yaya."

Arzika ya ƙulle bakin igiya ya ajiye. "Rigata na wanke tun shekaranjiya," ya ce. "Ɗana na. Kana tsammani ina bari shi rasa mata saboda kwali? So nike in ji ko bakinka ya manta."

Suka tafi su uku, Arzika da tsofaffin da ƙafafunsu suka warke cikin kwana ɗaya. Maiguwa ya kwance goro tun kafin su gama gaisuwa. Ranar ɗaurin aure Arzika ya zauna a tabarmar gaba ya karɓa wa ɗansa aure. Mista ya so ya yi jawabi, aka tuna masa cewa uban ɗan fari ba ya ko zuwa wurin.

Ranar da aka kawo amarya, aka cire darni don jama'a su samu wurin zama. Matan Keita suka wuce kai tsaye ɗakin Arzika suka gaida uban ango. Dela tana bakin murhu tana tuƙa tuwon biki, wuta ta ƙi kamawa, tana yi mata fifita da wani faffaɗan kwali mai hudar ƙusa huɗu. Mista kuwa yana ta kai da kawowa a tsakar gida cikin kwat, yana jiran wani ya gabatar da shi. Wata gwaggon amarya ta gaji da ganinsa, ta matso kusa da Dela ta tambaya, "Wai wancan mai igiya a wuya, mi shike gare ku?"

Dela ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙara wa wuta iska, ta ɗaga murya yadda har na zaure za su ji.

"Wannan? Kada ki wahal da kanki da durƙuso. Kazin na."