Minsharina a Kafaɗar Uwar Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarata ta farko ina koyarwa a lakwal ɗin Urafane, wato makarantar boko. Ni 'yar Tasawa ce, ban san kowa a garin ba. In aka tashi daga aji sai ɗakina, daga ni sai rediyo. Mata su ce, "Madam, ina wuni," su wuce. Wallahi kaɗaici ya ci ni.

Ina da maƙoƙo, kullum da safe nakan haɗiyi ƙwaya kafin in ci komai. To, baƙon abinci ya ɗaure mini ciki, sai na ƙirƙiro dabara (ni ga mai ilimi!): in dama garin kuka da kauri, in jefa ƙwayar ciki, ta zame ba wahala. Ciki kam ya saki. Amma kasala ta sauko mini, ina gaban allo ina hamma kamar wadda ta kwana daka.

Ana haka matar mai gidan da nake haya ta aiko, ana bikin ɗiyarta, in zo. Gayyata ta farko! Na ciro leshina na goge, na ce yau sai na yi ƙawaye. Aka zaunar da ni tabarmar manya, kusa da uwar ango. Wata tsohuwa ta fara yi wa amarya nasiha, kowa ya kasa kunne.

Minsharina ne ya katse ta. (An ce har da miyau, a kafaɗar uwar ango.) Da na farka tsakar gida ba kowa, an tafi kai amarya, ni kuma uwar ango ta lulluɓe ni da zanenta. Na sulale ɗaki na rufe ƙofa, ina hawaye, na ce shi ke nan, na gama yawo a garin nan.

Washegari na je likita. Majo, malamin asibitin, ya ji dabarata ya riƙe baki. "Haba Madam! Yauƙin nan riƙe maganin yake, jiki ba ya samunsa. Ki sha da ruwa zalla, kuka sai rana ta yi."

Na wanke zanen na kai, kaina a ƙasa. Uwar ango ta kwashe da dariya. "Ɗiyata mai minshari! Zauna ki ci tuwo, gobe ma ki dawo."

Yanzu da ruwa zalla nake shan ƙwayata. Amma ku duba, wata da watanni ina gaisuwa da ladabi ba wanda ya ce in zauna. Sai da na jiƙa wa uwar ango kafaɗa na samu uwa a Urafane.