Ranar da Kujera Ta Gabatar da Shirina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara fitowa a talabijin ba, ko da yake in za a faɗi gaskiya kujerata ta fi ni fitowa.

Lokacin ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ni kuma na shekara shida ina sharhin ƙwallo da kokawa a rediyo a Kaduna. Ni mutumin Kakangi ne ta ƙasar Birnin Gwari, can bakin daji, inda duk mai akwatin rediyo ya san muryata. Aikin rediyo da daɗi. Ka tuɓe takalmi, ka ci goronka, ka sosa inda ke maka ƙaiƙayi, ba mai gani. Amma da aka buɗe sabon gidan talabijin ana neman mai shirin wasanni, sai na ga ai asara ce fuska irin tawa ta tsufa a ɓoye. (Ku yi mini uzuri, ƙuruciya ce.) Na ajiye aiki, har da ce wa abokan aikina su riƙa leƙa ni a gilashin talabijin. Abin da ban gaya musu ba shi ne ɗaukar gwaji aka yi mini. Malam Ishaya, mai kula da shirye-shirye, ya ce shirin farko ne zai nuna ko kujerar tawa ce ko ta wani.

Don baƙin rawar kai na rubuta wasiƙa gida. Sai ga saƙo ta bakin direba cewa Kawu Bawa zai zo ranar da kansa, in tarye shi a tasha. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya riƙa goya ni a keke zuwa makaranta. Ga damina, ga hanyar daji duk laka, amma ya hau babbar mota ya taho.

Ban je tashar ba. Na gaya wa kaina wai guga nake yi. Gaskiyar ita ce na ɗinka kwat, na koyi ɗaura laktaye, kuma ba na so a gan ni a sabon wurin aiki ina jan tsoho ɗan ƙauye. Na ce in an gama sai in neme shi.

Kafin a fara Malam Ishaya ya ja mini kunne. Kyamara ɗaya ce, mai nauyin tsiya, an saita ta a kan kujeru biyu, kuma kai tsaye ake watsawa, ba gyara.

“Kada ka tashi, kada ka sunkuya, kada ka kalli gefe,” in ji shi. “In jar fitilar nan ta kama, ko gobara ake yi ka ci gaba da magana.”

Baƙona wani ƙaton ɗan kokawa ne da ya zauna yana zufa kamar an kawo shi gaban alƙali. Fitila ta kama, na yi sallama, na saki murya. Minti biyar komai na tafiya daidai, har na fara tausayin mutanen rediyo.

Sai ƙofa ta buɗe.

Ashe Kawu ya gaji da jira ya yi ta tambaya har ya iso. Ashe kuma maigadinmu mutumin Tabanni ne, can wajenmu, wanda a wurinsa ba a tsayar da dattijon gida a ƙofa don wata jar fitila. Kawu ya tsaya gefen kyamara, laka har gwiwa, da goran zuma a hannu, ya rangaɗa sallama.

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nakan ji kunya. Na ɗaga masa yatsu biyu, irin yadda Baturen hukuma ke yi wa talakawa daga cikin mota, na ci gaba da tambayar baƙona.

Kawu ya ƙura mini ido. Can ya ce, “Kai, ɗan nan. Ni ka ɗaga wa hannu?”

Wallahi ban yi shawara da gwiwoyina ba. Kawai na tsinci kaina a ƙasa, na zare takalmi, na durƙusa. Ɗan kokawa ya ga mai gida ya durƙusa wa babba, shi ma ya zube kusa da ni. Mai kyamara kuwa (shi ma ɗan mutane ne) ya saki abin aikinsa ya rusuna. Abin da mutanen Kaduna suka gani ke nan: kujeru biyu da labule. Amma sun ji komai, don makirfon na rataye a samanmu.

“Kawu, sannu da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya?”

“Lafiya lau. Motar ce ta kafe sau uku.”

“Ya ruwa? Ya mutan gida?”

“Ruwa ya yi gyara. Innarka na gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, basir ɗin nan ya sake ka kuwa? Ga sassaƙe ta ba ni, ka riƙa jiƙawa kana sha da zumar nan safe da yamma.”

Na ɗago ido na hango Malam Ishaya ta bayan gilashi ya dafe kai da hannu biyu. Kafin ya lalubo allon ba da haƙuri ya sa, Kawu ya gama bayanin yadda ake jiƙon, har ɗan kokawa ya tambayi ko yana maganin ciwon baya.

Direbobin garinmu sun taru a wani kanti kusa da tasha suna kallo, saboda haka labarin ya riga Kawu isa gida. A rediyo kuwa, mako guda ana aiko mini da gaisuwar ya jiki.

Washegarin shirin Malam Ishaya ya kira ni. Bai yi faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Ya ce, “Muryarka dai muna so.” Aka mayar da ni wani ɗan ɗaki ina karanta sharhi a kan hotunan wasa, ba mai ganina. Kujerar aka ba wani ɗan Zariya, wanda bisa ga dukkan alamu ba shi da kawu.

Na raka Kawu tasha, ni na ɗauki jakarsa. Ban gaya masa abin da zuwansa ya jawo ba, kuma har ya bar duniya bai sani ba. Zai hau mota ya riƙe hannuna ya ce, “Da ka ɗaga mini yatsu, na ce shi ke nan, birni ya cinye mana yaro. Da ka durƙusa sai na ji sanyi. Yanzu in na koma zan iya duban uwarka.”

Na tsaya har motar ta ɓace, hawaye na ɗiga a kan kwat. Tun daga ranar, in aka ce babba na tafe daga gida, sai in riga motarsa isa tasha, in durƙusa masa tun a can, inda ba kyamara.