Rasuwar Mai Tsaga, Farantin Sharhabil

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda ba, Sharhabil Garba, makaɗi a Rigasa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar farantinsa na tagulla, wanda aka fi sani da Mai Tsaga.

Marigayin ya fara rayuwa yana ɗaukar tuwo a gidan kakar Sharhabil, har ranar da ya faɗi ya tsage daga baki. To a tsagar nan Allah ya ajiye masa murya. In sanda ta taɓa shi sai ya ce "tasss", sannan ya ja wani "ziiii" mai rawa, kamar wanda ya gama kuka yana ajiyar zuciya.

Da ƙungiyar su Sharhabil ta kiɗan Turawa na rok ta watse, masu jita kowa ya kama gabansa, marigayin ne ya zauna da Sharhabil. Su biyu suka ƙirƙiro wani kiɗa, ba waƙa ba rawa, wanda maƙwabta ke cewa kamar ana kwance rufin kwano. Bai taɓa fushi ba.

Bai yi jinya ba. Ana gab da zuwa situdiyo a ɗauki kiɗan, karo na farko, Umma Kulu, mahaifiyar Sharhabil, ta ga ɗanta ba zai shiga mutane da fasasshen abu kamar marar gata ba. Ta bari ya fita, ta naɗe farantin a zane, ta kai wa mai walda. Aka liƙe tsagar, aka goge shi yana ƙyalli. Da yamma ta miƙa masa tana murmushi, ta ce, "Ka ga yanzu ya zama na mutane."

Ya buga. "Kwal." Ya sake bugawa. "Kwal."

Ya rasu ya bar babbar ganga, bokitai, sarƙar babur da sanduna, duk sun yi tsit. Ko a waya babu muryarsa, don Sharhabil kullum cewa yake a bari sai situdiyo.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi. Sharhabil zai fito da shi a hammata, domin Umma za ta tsaya a ƙofa ta ga tafiyarsa situdiyo. Daga nan a wuce da shi makwancinsa, ƙarƙashin bencin shagon Datti tela, inda za a karɓi gaisuwa. Ban da zuwa gaisuwa gida. Wanda kuma ya haɗu da Umma a hanya, don Allah ya ce mata gyara ya yi kyau.