Don Rogelio, Dodon Filin Gishiri, Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, ni Nemesio Calcina, direban baƙi a filin gishirin Uyuni, a madadin iyalina da motata, ina sanar da 'yan uwa direbobi, da mata masu dafa wa baƙi abinci, da duk wanda ya taɓa kwanciya rub da ciki a kan gishiri don neman na tuwo, rasuwar abokin aikina Don Rogelio. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, yana bakin aiki.

Ga waɗanda ba su san shi ba, in har akwai su, Don Rogelio dodon roba ne, irin manyan ƙadangarun nan da aka ce sun yi zamaninsu kafin mutane. Kore shar ne a ƙuruciyarsa, kuma bai fi tafin hannuna ba. Amma idan na ajiye shi dab da wayar baƙo, na kwanta a ƙasa, na kora baƙin can nesa na ce su ruga suna ihu, sai ya fito a hoto ya fi cocin garinmu tsawo. Farin filin nan ba ya barin ido ya raba kusa da nesa, mu kuwa da wannan muke ci.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana aiki. Ya cinye Jamusawa, ya fafari 'yan Koriya, ya taɓa haɗiye ango da amarya daga Brazil a hoto ɗaya. Bai taɓa cewa sanyi ya yi yawa ba. Bai taɓa yi mini amai a mota ba, irin na 'yan jakar goyon nan da ke zuwa da kayan da suka fi su tsawo, su ce sun saba da tuddai, kafin tsakar rana ina ba su ganyen koka, maganin jirin tudu, suna kiran uwarsu. Maganarsa ɗaya ce tak a duniya. In ka matsa cikinsa ya ce fiiit, ya yi shiru.

Tunda a gaban gawa muke, dole in faɗi gaskiya: marigayin ba nawa ba ne, na 'yata Noemí ne. Tana shekara takwas na ɗauke shi daga kan gadonta, na ce, "Aron kwana ɗaya ne, 'yar Baba, gobe zan dawo miki da abinki." Yanzu tana aure a garin Oruro, har da ɗanta Ulises, wanda a waya kawai na san fuskarsa. Duk shekara sai ta kira ni.

"Baba, goben nan taka ba ta yi ba har yanzu?"

Da damina in ce baƙi sun yi yawa, da rani ma in ce baƙi sun yi yawa. Bana dai ta ɗaure ni. Asabar ɗin nan za a yi wa yaron bikin askin farko, ta ce dodon ne kyautarsa, na kuwa rantse mata zai iso. Abin da ban gaya mata ba shi ne na riga na shirya damƙa shi a hannun direban bas, don ina da baƙi shida ranar.

Marigayin ya daɗe yana jinya. Gishiri ya ci fatarsa, rana ta koɗar da shi har ya koma launin ruwan wanki. Sau biyu jelarsa na karyewa, matata Basilia tana ɗaure ta da zaren saƙa. Shekara biyu da suka wuce muryarsa ta dusashe, in ka matsa shi sai dai iska ta fito. Duk da haka bai taɓa fashin aiki ba.

Ranar Laraba wasu 'yan mata uku daga Japan suka ce motata tana shiga hotonsu. Na bar shi a tsaye a kan gishiri, na shiga na sa giyar baya. Na duba madubi, Allah ne shaidata, na duba. Na hango shi ɗan mitsitsi, sai na ce a raina ai yana can nesa. Shekara goma sha huɗu ina ganinsa ƙato a wayoyin mutane, har na manta cewa dama can ɗan mitsitsi ne. Yana nan bayan taya. Muryar da ta ɓace shekara biyu ta dawo masa tangararan, ya ce fiiit, shi ke nan.

Aminina Crispín, da ya faka kusa da ni, ya zo ya cire hula ya tsaya a kan gawar. Na ɗauka ta'aziyya zai yi.

"Nemesio, fili kilomita ɗari, ba itace, ba dutse, ba kare. Abu ɗaya ne tak a kansa, kuma sai da ka same shi. Kai dai gwani ne, a ba ka lambar yabo."

Marigayin ya bar tsohuwar kwalba da baƙi ke rawa a kan bakinta, da takalmi wari ɗaya da suke leƙowa daga cikinsa, da tukunyar da muke dafa su a ciki. Ita ma tukunyar aron kwana ɗaya ce daga wurin Basilia, kuma ta ce a rubuta a nan cewa ba ta manta ba. Ya bar hotuna dubbai a ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba.

Da na kai shi gida a aljihu, Basilia ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Tsoho, ka kira yarinyar nan ka faɗa mata da bakinka. Ni ba ruwana."

Jiya na kira Noemí na faɗa mata. Ta fashe da dariya har na ji yaron ya tsorata.

"Haba Baba, ni fa ba 'yar shekara takwas ba ce. Dodon roba ga shi nan jibge a kasuwa. Na ga dai ba ka zuwa ko'ina sai da shi, shi ya sa nake ta gayyatarsa. Na ce in ya zo, ƙila ya taho da kai."

Kunya ta rufe ni. Ba zan ɓoye ba, ina riƙe da wayar na yi kuka.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Gobe Juma'a da tsakar rana za a ajiye gawar cikin kwalin takalmi a rumfar direbobi ta ƙauyen Colchani, a tsiyaya abin sha a ƙasa, rabon Uwar Ƙasa mai ciyar da mu, kamar yadda aka saba a al'adarmu. Ana roƙon Crispín kada ya yi jawabi. Ba za a binne marigayin a filin ba, gishirin da ya sha ya isa. Kada kowa ya kawo mini sabon dodo.

Asabar da sassafe gawa za ta tashi zuwa Oruro a bas, a kan cinyata. Baƙina shida na bar wa Crispín. Wanda ya neme ni ranar Litinin ma ya yi haƙuri. Don Rogelio ya yi lattin shekara goma sha huɗu, bai kamata mai rakiya ya ajiye shi a bakin ƙofa ya juyo ba.