Ramin Ƙofar Gidanmu da Kalmar Temporary

Yau da safe na sake faɗawa ramin ƙofar gidanmu. Ban zargi kowa ba. Ramin yana zaune a wurinsa, ni na je na same shi. Ina kwance a ciki, takalmi ɗaya a ƙafa, sai ga allon nan da aka kafa a bakinsa yana kallona: TEMPORARY.

Maƙwabcina mai aski ya leƙo.

"Malam, an sauka lafiya? Tunda kana hutawa, kai da ka yi jami'a, wai me kalmar nan take nufi ne?"

Na ce, "Na ɗan lokaci."

Ya ce, "Lokacin wa?"

Duk shekarun da na yi ina haddar Turanci, babu malamin da ya taɓa yi mini wannan tambayar.

An haƙa ramin ne don a shimfiɗa bututun ruwa. Ranar kuwa surukata ta zo ganin likitan ido, da niyyar ta juya gida washegari. Ta shigo da hantsi, kafin la'asar an raba mu da titi, aka gitta mana katako guda. Inna ta dubi katakon, ta dubi gwiwoyinta, ta ce ita ba za ta hau siraɗi tun a duniya ba, sai an cike ramin. Na bar mata ɗakina da gadona, na koma kan benci a falo, na ɗan lokaci. Kwaɗin da aka haifa a ramin a wancan makon yanzu sun ga jikokinsu. Ni kuwa a gidan da nake maigida, ko tari zan yi sai na fita waje, saboda kunya.

Da bayana ya fara ɗaukar siffar benci, na tafi ofishin Mai Girma Sarkin Haƙa da Mantuwa, Allah ya ja zamaninsa. A can na gane cewa ƙamus ɗina ya tsufa. Sakatarensa ya ce mini za a cike ramin soon. A makaranta an koya mana soon na nufin nan ba da jimawa ba. A ofis kuwa ƙanen tashin ƙiyama ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na koma, aka ce aikin ongoing ne, wato yana tafiya. Wannan kam ba su yi ƙarya ba. Ya tafi, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

Makon jiya sai ga jiniya, ga motoci, ga babbar mota shaƙe da siminti. Na ruga ciki ina haki.

"Uwargida, haɗa wa Inna kayanta, haƙuri ya yi rana!"

Ta ce, "Ka dai bari a ga wata kafin a yi shela."

Aka kwaɓa siminti, mai aski har da tafi. Sai ma'aikata suka tumɓuke tsohon allon katako da gara ta cinye, suka kafa sabo na ƙarfe, suka zuba masa kankare har gwiwa. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya ce wannan allo jikokinmu ma za su amfana da shi. Ramin kuwa ko kallonsa bai yi ba, wataƙila don kada ya tsoma baki a aikin da yake ongoing. A gaskiya a yaba musu. Ba kowane shugaba ne zai tausaya wa kalma marar galihu irin temporary ya gina mata gida na dindindin ba.

Da na fito daga ramin yau, na tarar da Inna a kan kujerata.

"Ke, tambayi mijinki, me aka rubuta a sabon ƙarfen can?"

Matata ta ce, "Wai na ɗan lokaci, Inna."

"Madalla. Irin zamana ke nan."

Nan take ta aika gida a kawo mata akuyarta, kada kewa ta kashe ta. Akuyar ta iso ɗazu, ta ƙetare katakon ko gezau ba ta yi ba, ta shigo falo ta tsaya tana auna bencina da ido.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ai na riga na gwada ramin da bayana, kuma ya fi bencin faɗi.